Kakana ya ɗora mini amanar ciwonsa

Assalamu alaikum Admin, da iyayena da yayyena na wannan guruf. Don Allah a sa mini wannan ba tare da suna ba, wayar ma ta Mamana ce, na ce mata zan duba aikin makaranta, ina gama turawa zan goge. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ba mai iya magana ba ce a gaban mutane, sai a rubuce nake iya kai zance ƙarshensa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ma'aikatan asibiti da duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda.

Shekaruna goma sha shida, ina aji biyu a babbar sakandare, muna zaune a Bodinga. Maganar a kan Kakana ce, mahaifin Babana. Tsohon hedimasta ne a wani ƙauye na ƙasar Shagari, har yau almajiransa masu furfura in sun zo gaishe shi a bakin ƙofa suke cire takalmi. Tun zamanin jamhuriya ta biyu ya fara koyarwa, kuma yana yawan ba ni labarin wahalar da ta biyo baya, yadda albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, ana bin layi a kan sabulu da shinkafa, malamai da yawa suka watsar da alli suka koma gona, shi kuwa ko rana ɗaya bai bar aji ba kowa ba, bai kuma taɓa kai kukansa wurin wani ba. Yana faɗin wannan da alfahari. Na kawo shi ne don ku san irin mutumin da nake magana a kansa.

Shekara biyu da wani abu ke nan da ƙodarsa ta daina aiki, sai Baba ya ɗauko shi ya dawo gidanmu don mun fi kusa da Sakkwato. Duk Litinin da Alhamis Baba ke kai shi wankin ƙoda, su tafi da safe su dawo bayan azahar.

To a gidanmu ba mai kallon fuskar Kaka. Baba ɗan farinsa ne, akwai kunya tsakaninsu, Kaka ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce “mai gidan ga”. Da safe Baba zai durƙusa daga bakin ƙofa idonsa a kan tabarma, ya ce an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, Kaka ya ce da sauƙi, shi ke nan an gama. Ko a mota Kaka baya yake zama, Baba na gaba. Mama kuwa suruka ce, daga bayan labule take gaisuwa. Ni ce jika, ni ke da wasa da shi, ni ke kai masa abinci in zauna har ya gama. Uwargida yake ce mini. In ya ɗanɗana miya sai ya ture kwanon ya ce, “Uwargida, wagga miya ba gishiri, saki ɗaya!” In ce masa likita ne ya hana, ya je ya saki likitan. Ya ce ai likita ya fi ni iya kula da miji. Duk rashin maganata, da shi kaɗai nake sakewa, shi ma a gabana kaɗai yake cire hula. Saboda haka abin da na gani ni kaɗai na gani.

Sai na ɗan koma baya don ku fahimta. Da aka fara wankin, ta wuya ake yi masa, ana zura wani tiyo cikin jijiyar wuya a bar shi a manne. Sau uku ana canza masa wuri, dama, hagu, a sake komawa, kuma sau biyu zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi saboda tiyon, har muka fid da rai. Daga baya aka yi masa aiki a hannun hagu, aka haɗa jijiyoyi biyu don a riƙa sa allurar wankin a nan, fistula suke ce masa. In ka ɗora yatsa a wurin za ka ji yana zuuu kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Tun da aka yi shi Kaka ya samu lafiya, ya koma wanka yadda yake so, ya daina ɗaure wuya da bandeji. Yana lallaɓa hannun nan kamar jariri, ba ya kwanciya a kansa, ba ya ɗaura agogo, ko buta ba ya ɗauka da shi.

A hutun da ya wuce na bi su asibiti sau ɗaya don in riƙe masa jaka. Baba ya fita sallah, ina zaune a gefe, sai wata nas mai kirki ta tsaya tana duba hannun, ta ce wa Kaka, “Baba, hannun nan ya ɗan tasa. In ka ga kumburin ya haura kafaɗa ko fuska, ko kai ya fara ciwo, ko ido, ka gaya mana maza. Wani lokaci tiyon wuya kan bar tabo a babbar jijiyar ƙirji ta toshe, jinin hannu ya rasa hanyar komawa zuciya, sai ya juya ya hau kai.” Kaka ya yi murmushi ya ce mata da sauƙi. Ni dai na riƙe maganar, ban san me ya sa ba.

Wajen wata biyu da suka wuce na fara lura. Farko hularsa ce, wadda yake sawa kullum, ta fara barin shaida a goshinsa ta gefen hagu, wani jan layi da ba ya gogewa da wuri. Sai ya ajiye ta ya koma naɗa hirami, yana sauko da shi har ya rufe kunci da wuya, ya ce wai sanyi yake ji, alhali muna cikin zafin da ko kare ba ya fita. Sai idonsa na hagu, ya yi ja ya ɗan fito, da safe fatar idon a kumbure har ta fi ta dama nauyi, zuwa la'asar ta ɗan sauka. Ran nan na shiga yana canza riga, na ga jijiyoyi sun fito masa a ƙirji da kafaɗa ta hagu, kore-kore, a murɗe kamar saiwar kabewa. Ya sa na ƙaro masa filo biyu, ya ce in ya kwanta miƙe kansa kamar zai fashe. Ya taɓa tambayata wa ya tayar da injin ban ruwa kusa da gida, na ce ba kowa, fadama ai da nisa, ya ce to cikin kunnensa ne. Ya koma sallah a zaune a kan kujera, ya ce wa Baba gwiwa ce, amma ni na ga ranar da ya daina yin ta a ƙasa, ya yi sujada ya ɗago yana riƙe da kai da hannu biyu, idonsa a rufe, ya daɗe bai ci gaba ba.

Abin da ya fi tsorata ni rubutunsa ne. Kullum in na dawo makaranta sai ya karɓi littattafaina ya bi su da jan biro, ko malami ya riga ya duba, sai ya samo waƙafin da aka manta. Rubutunsa a tsaye yake kamar na inji. Yanzu layin sai ya riƙa gangarowa ƙasa, yana tsallake harafi, akwai ranar da ya sa mini kuskure a lissafin da yake daidai, ya zauna yana kallonsa, sannan ya rufe littafin ya ce yau malami ya gaji.

Mako uku da suka wuce ina share masa ɗaki, littafin addu'o'insa ya faɗo, wata takarda ta zamo daga ciki. Ta asibiti ce, an rubuta a je a yi masa hoton jijiyoyin wuya da ƙirji, a kai wa likita sakamako, an ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. Kwanan watan da ke jiki ya haura wata guda. Wato sun gani, sun ba shi takarda, shi kuma ya ninke ta ya ɓoye, Baba bai sani ba, don in an ɗora Kaka a kan injin wankin Baba fita yake ya jira a waje, ba ya iya zama yana kallon mahaifinsa a kwance. Na mayar da ita inda take.

Ranar Talatar makon jiya bayan la'asar abin ya faru a gabana. Yana duba mini littafi, sai biron ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya kai hannu zai ɗauka yatsun suka ƙi kamawa. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmomi na fitowa amma ba su haɗuwa, yana nuna kofin ruwa yana cewa alli, alli, gefen bakinsa na dama ya ɗan saki, yana kallona kamar mai neman in taimaka masa in samo maganar. Na miƙe zan kira Mama, ya damƙe mini zani da hannun hagun nan mai kumburi, wanda ko buta ba ya ɗauka da shi. Na tsaya. Bai fi tsawon tafasar shayi ba, bakin ya dawo, ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in zauna.

Ya ce, “Mi kinka gani?”

Na ce na ga komai, har takardar na gani. Ban taɓa yi masa magana haka ba.

Bai yi faɗa ba. Ya ba ni labarin wani abokinsa da suke gado kusa da kusa a wurin wankin, wani dattijo daga wajen Dancadi, mai barkwanci, shi ma hannu ya kumbura masa haka, aka yi hoto aka ce jijiya ta toshe, aka ɗaure masa fistular aka mayar da shi tiyo. Kaka ya ce, “Anka ɗaure mai hannu, bai yi wata biyu ba zazzaɓi yat tahi da shi. Ni na san tiyon ga, sau ukku ina shan shi. Ba ni komawa. Wanga hannu shi ar raina, in sun ɗaure shi sun gama da ni.” Ya ce kuma an gaya wa abokin nasa akwai aikin buɗe jijiyar, amma ba kusa ake yi ba, sai an yi tafiya mai nisa, shi kuwa mai gidan ga ya riga ya sha wahalar da ta isa, ba zai ƙara masa ba. Sannan ya kama hannuna ya ce, “Amana na ba ki. Kak ki hwaɗa ma kowa, ko uwarki. Ce wallahi.” Na ce Kaka don Allah. Ya ce, “Uwargida, ban taɓa roƙon kowa komi ba, ke ɗai na roƙa.” Idonsa mai jan nan yana zubar da ruwa, ban sani ba kuka ne ko ciwon ne. Na ce wallahi.

Tun ranar ban sake cin abinci na ji daɗinsa ba. A aji malama ta kira sunana sau biyu ban ji ba. Na gwada zagayawa ba tare da na karya rantsuwar ba, na ce wa Mama ko ta lura fuskar Kaka ta canza, ta ce ke ma dai, ina ni ina kallon fuskar Malam, kuma ki rage ƙura wa manya ido, ba tarbiyya ba ce. Amma dai ta gaya wa Baba, Baba ya tambaye shi daga bakin ƙofa, Kaka ya ce kwanciya ce ya yi a gefe ɗaya, da sauƙi. Da na kai masa abincin rana bai yi mini wasa ba, bai ce miya ba gishiri ba, ya ci loma uku ya ce in ɗauke.

Ranar Asabar Gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo daga Shagari. Ita ta ga hannun, don hannu ba ya ɓoyuwa yanzu, ya kusa biyun ɗayan, yatsun kamar an hura su. Ta ce mugun jini ne ya taru, a kira wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗa da ƙeya ya zuƙe shi, haka aka yi wa kakarsu ta miƙe. Baba ya ce ba mai taɓa hannun nan da aska, asibiti sun hana ko awon jini a yi a kansa. Rigima ta tashi a tsakar gida, ta ce ya ɗauko tsoho ya jingina shi da inji yana ƙarewa a tsaye, ya ce ita da take zuwa sau ɗaya a wata ba ta san komai ba, ta ce uban ai ba nasa ba ne shi kaɗai, Mama na ba su haƙuri ba mai jin ta. Cikin faɗan Baba ya faɗi maganar da har yanzu take cina, ya ce likitoci na ganinsa sau biyu a mako, da akwai matsala da sun faɗa. Ina tsaye a bakin madafa da tsintsiya a hannu, takardar tana ɗaki taku goma daga inda yake. Sai Kaka ya ɗaga labule ya ce su bar masa hayaniya a ka, shi da sauƙi. Duk suka sunkuyar da kai, ni kaɗai ban sunkuyar ba, ni kuma yake kallo. Gwaggo ta tafi da fushi, ta ce in ba a yi wani abu ba za ta dawo da wanzamin da kanta.

Na duba a wayar Mama, iya abin da na fahimta da ɗan Turancina. Abin da nas ɗin ta faɗa ne, jinin da ke gudu da ƙarfi daga fistula in ya tarar da hanya a toshe yakan koma ta jijiyar wuya ya cika kai, ya kawo ciwon kai, da matsalar ido, da ruɗewa, da farfaɗiya, har shanyewar ɓarin jiki ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Na ga an ce in an gano da wuri aka buɗe jijiyar ko aka ɗaure fistular mutum na iya dawowa daidai, in an makara kuma abin da ya lalace ya lalace. Ban sani ba ko na fahimta daidai, shi ya sa nake son masu ilimin su gyara mini.

Rantsuwar ba ita ta fi damuna ba, na san akwai kaffara, ko azumi ne zan yi. Abin da ke hana ni sakat shi ne, in na faɗa aka ɗaure hannun aka mayar da shi tiyo, zazzaɓin nan ya dawo ya tafi da shi kamar abokinsa, ni na kashe shi, kuma zai tafi yana ganin wadda ya yarda da ita ce ta ci amanarsa. In na yi shiru kuma wata rana bakin ya karkace bai dawo ba, ya kwanta sai an juya shi, mutumin da ko tari ba ya son a ji ya yi, Baba ya zo ya tsinci takardar nan, ya tambaye ni ko na sani, me zan ce masa? Kuma ina tunanin shi babba ne, jikinsa ne, ya san abin da ya sha, ni wace ce da zan zaɓa masa. Sai kuma in ce to wanda ciwo ya fara taɓa masa kai, zaɓin nasa ne ko na ciwon?

Abin da ya sa na kasa jira shi ne na yau. Na dawo makaranta na shiga gaishe shi da kayan makaranta a jikina, yana zaune a bakin gado, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ɗiyar wa ta? Mi ya hana ki shiga aji, ba ki ji ƙararrawa ba?” Na yi dariya na zaci wasa ne, sai na ga ba wasa a fuskarsa, yana lalubar gefen gado yana neman rajista, hannunsa na dama yana karkarwa shi kaɗai. Na ce Kaka ni ce. Ya daɗe yana kallona. Da ya gane ni sai ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara hiraminsa ya rufe kuncin, abin da ya fara ce mini shi ne, “Kin dai riƙe ko?” Na ce na riƙe. Na fito na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska, Mama ta tambaye ni na ce kaina ke ciwo.

Gobe Alhamis, ƙarfe bakwai za su kama hanyar Sakkwato, kuma na san abin da zai ce in an tambaye shi jiki. Zan iya ɗauko takardar in yana alwala in miƙa wa Baba ba tare da na buɗe baki ba, amma na san wannan ma faɗa ne, Allah ba a yi masa wayo. Zan iya cewa ba ni da lafiya in bi su, in ja nas ɗin nan gefe in gaya mata, ko za ta iya yin kamar ita ta gano da kanta, ban sani ba ko ana yin haka. Ko in koma wurinsa in durƙusa in ce Kaka na kasa, ka yafe mini zan faɗa, alhali na san zai iya daina yi mini magana har ƙarshen ransa.

Ma'aikatan asibiti, don girman Allah ku gaya mini gaskiya, dole ne sai an ɗaure hannun, ko akwai wata hanya da zan iya gaya masa ya yarda? Abin zai iya jira zuwa wani mako ko ba zai jira ba? Malamai, amanar da riƙe ta zai iya halaka mai ita, har yanzu amana ce? Iyayena mata, in 'yarku ce ta san wannan ta ɓoye muku kwana takwas, za ku iya yafe mata?

Zan karɓi wayar Mama da safe kafin su fita in karanta abin da kuka ce. In faɗa ko in yi shiru? In kuma faɗa zan yi, wa zan fara tunkara, Baba ko shi?